Kafaɗar Joe Wood: nazarin majefin da ƙarfinsa ya ƙare yana ɗan shekara 25

A kakar wasa ta shekarar 1912, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Joe Wood, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa Smoky saboda tsananin gudun ƙwallonsa, ya ciyo wa ƙungiyar besbol ta Boston Red Sox wasa 34, aka doke shi sau 5 kacal, sannan ya ƙara nasara uku a gasar ƙarshe ta World Series. Bayan kakar 1915 bai sake cin wasa ko ɗaya ba a matsayin majefi, alhali a lokacin shekarunsa ba su kai waɗanda yawancin majefa suke fara nuna ba. Labarin da aka saba bayarwa shi ne santsi ya kwashe shi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, babban yatsansa ya karye, shi ke nan komai ya ƙare. Karayar ta faru, babu tantama, amma ita kaɗai ba ta isa ta bayyana abin da ya same shi ba, kuma wanda ya tsaya a kanta zai rasa ganin yadda ake amfani da jikin ɗan wasa a Amurka ta wancan zamani.

Dole ne a fara da bayyana aikin majefi, domin duk lamarin a kansa ya rataya. A besbol majefi yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, tazarar mita 18.44 daga mai bugu, ya jefa ƙwallo zuwa ga abokin wasansa mai cafkewa da ke tsugune a bayan mai bugun. Burin mai bugu shi ne ya maka wa ƙwallon kulki ya ruga ya taka tashoshi huɗu ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya kewayo ya dawo inda ya fara ya ci wa ƙungiyarsa maki guda. Wasa yana da zango tara, kuma a kowane zango sai an fitar da masu bugu uku kafin ɓangarori su yi musanya. Majefin da ya fara wasa ya kai shi ƙarshe yakan yi jifa fiye da ɗari da iyakar ƙarfinsa, ta hanyar ɗaga hannu sama da kai da finciko shi gaba, motsin da yake ɗora wa jijiyoyin kafaɗa da gwiwar hannu nauyin da babu wani aiki na yau da kullum da yake ɗora musu. A yau manyan ƙungiyoyi suna ƙirga jifan majefi ɗaya bayan ɗaya, su cire shi idan ya kai wajen ɗari, su ba shi hutun kwana huɗu, kuma majefin da ya cika zango 200 a kaka ana kallonsa a matsayin jarumi. A zamanin Wood wanda ya fara wasa ana sa ran shi zai ƙarasa, kuma idan wasa ya yi tsanani a ranar hutunsa ana iya kiransa ya shigo ya rufe.

An haife shi ranar 25 ga Oktoba, 1889, a Kansas City ta jihar Missouri, da sunan Howard Ellsworth Wood, ya kuma tashi a garin Ouray na masu haƙar ma'adinai a Colorado, daga baya a Ness City ta jihar Kansas. Kuɗinsa na farko a wasa ya same su ne a 1906 tare da Bloomer Girls, wata ƙungiyar yawo da ake tallata ta a matsayin ta 'yan mata amma take cusa samari kaɗan a ciki don ta iya cin wasa. Daga nan ya buga a Hutchinson a 1907, ya koma Kansas City a 1908, kuma a watan Agusta na wannan shekarar Boston ta saye shi yana ɗan shekara 18. Cikakkun shekarunsa biyu na farko na koyo ne, nasara 11 a 1909 da 12 a 1910. A 1911 ne aka ga abin da yake tafe: ya ci wasa 23, ya jefa zango kusan 276, kuma ranar 29 ga Yuli ya kammala wasa da St. Louis Browns ba tare da ko mutum ɗaya ya sami bugun da ya kai shi tasha ba.

Makaminsa kusan ɗaya ne, wato jifa mai gudu. Ba shi da girman jiki kamar Walter Johnson na Washington, wanda aka yarda shi ne mafi saurin jifa a lokacin, kuma salonsu ya bambanta ta yadda ya dace a lura. Johnson yana da dogayen hannuwa, yana sakin ƙwallo daga gefe cikin sassauci kamar ba ya wahala, shi kuwa Wood yana ɗauko ta daga sama ya ƙarasa da fizgar wuyan hannu mai ƙarfi. Johnson ya yi shekara 21 yana jifa har 1927, ya ci wasa 417. Ana ruwaito cewa shi da kansa ya ce babu mai rai da ya fi Wood ƙarfin jifa, kuma idan maganar ta tabbata, tana nuna cewa ƙaramin jiki yana fitar da gudun da babba yake fitarwa, wanda ba ya yiwuwa sai gaɓoɓi sun biya bambancin.

Kakar 1912 ita ce farkon Boston a sabon filinta na Fenway Park, kuma ƙungiyar ta ci wasa 105 ƙarƙashin Jake Stahl. Wood ya jefa zango 344, ya kammala wasa 35 da kansa daga farko har ƙarshe, a goma daga cikinsu abokan hamayya ba su ci ko maki ɗaya ba, ya kuma fitar da masu bugu 258 ba tare da sun iya sa ƙwallonsa cikin wasa ba. Matsakaicin makin da ake cinsa a kowane zango tara 1.91 ne. A wannan kakar Johnson ya kafa tarihin cin wasa 16 a jere a American League, ɗaya daga cikin manyan lig biyu na Amurka wadda Boston da Washington suke ciki, kuma kafin tawadar jaridu ta bushe sai ga Wood ya taso a bayansa da nasara 13 a jere. Da Washington ta zo Boston a farkon Satumba, kocinta Clark Griffith ya ƙalubalanci Boston a bainar jama'a cewa a fito da Wood ya fuskanci Johnson, domin mai tarihi ya sami damar kare tarihinsa da hannunsa. Boston ta amsa, aka matso da ranar jifan Wood, wato aka rage masa hutu don a cika filin wasa.

Ranar 6 ga Satumba jama'a suka cika Fenway har suka malalo cikin fili, aka ja igiya aka tsayar da su a gefen layi da kuma can bayan 'yan tsaron nesa, har 'yan wasa suka bar mazauninsu suka zauna a gaban taron, majefan biyu kuma suka ɗumama hannu a tsakiyar mutane da ƙyar suke samun wurin ɗaga hannu. Zango biyar babu wanda ya ci komai. A zango na shida, bayan an fitar da mutum biyu, Tris Speaker na Boston ya buga ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallon da ke tsaye a fili, aka ba shi tasha biyu bisa ƙa'idar ranar, sannan Duffy Lewis ya ɗaga wata zuwa gefen dama wadda mai tsaro ya yi nitso bai kama ba, Speaker ya shigo gida. Wannan maki ɗaya shi ne duk wasan. Wood ya ci na 14, ya ƙara biyu ya kamo Johnson a 16, Detroit ta tsayar da shi daga baya a cikin watan. Abin lura a nan shi ne Boston tana gaba da tazara mai yawa a teburi, kofin lig ya kusa shiga hannu, don haka babu wata buƙata ta wasa da ta sa a matse majefin da ake shirin dogara da shi a watan Oktoba. Buƙatar ta kasuwa ce da ta alfahari, kuma babu alamar shi kansa Wood ya ƙi.

A World Series da New York Giants ta John McGraw an yi wasa takwas, saboda na biyu ya tashi canjaras da duhu ya shigo. Wood ya fito a huɗu daga ciki a cikin kwana tara. Ya ci na farko da 4 da 3, inda ya fitar da mutum biyu na ƙarshe alhali 'yan Giants biyu suna tsaye a tasha ta biyu da ta uku suna jiran shigowa, ya kuma ci na huɗu da 3 da 1. Na bakwai ya zo da rikici: an sayar wa wasu kujerun Royal Rooters, fitattun magoya bayan Boston, su kuwa suka shiga fili da makaɗansu suka ƙi fita sai da 'yan sanda a kan dawaki suka kore su. Wood ya riga ya ɗumama hannu, jinkirin ya sa ya huce cikin sanyi da iska, kuma a zango na farko kaɗai aka zura masa maki shida aka cire shi. Washegari, 16 ga Oktoba, aka sake kiransa a zango na takwas na wasan ƙarshe, yana fuskantar majefin Giants Christy Mathewson. A zango na goma Giants suka ci shi maki ɗaya suka shiga gaba, ya kuma tare wata ƙwallo mai zafi da tsurar hannunsa na jifa don ya rufe zangon. Clyde Engle ne ya shiga bugu a madadinsa, ya ɗaga ƙwallon da mai tsaron Giants Fred Snodgrass ya saki daga hannu, kuskuren da ya buɗe wa Boston hanyar cin 3 da 2 da ɗaukar kofi.

Sai 1913. A watan Yuli, a Detroit, ya zame a kan ciyawa mai laima yana ƙoƙarin ɗaukar ƙwallo, babban yatsan hannunsa na dama ya karye. Aka ɗaure hannun na makonni, ya dawo, kuma daga nan ciwon kafaɗa bai sake barinsa ba. Yadda wannan yake faruwa sananne ne: babban yatsa shi ne yake tallafe ƙwallo daga ƙasa, kuma majefin da yake jin zafi a wurin yakan sauya riƙo da kusurwar sakin ƙwallo ba tare da ya sani ba, sai nauyin ya koma kan jijiyoyin da ba su saba ɗaukarsa ta wannan fuska ba, musamman bayan hutun dole ya raunana tsokar da ke kare su. Haka ta faru da majefi Dizzy Dean a 1937, wanda ƙwallo ta karya masa yatsan ƙafa, ya yi gaggawar dawowa, ya sauya takunsa, hannunsa ya lalace. Sai dai a lamarin Wood yatsan ya karye ne a jikin da ya jefa zango sama da 600 a kaka biyu kafin ya cika shekara 23, ban da na World Series. A ganina karayar ta zama mafarin bayyanar ɓarnar da ta riga ta taru, kuma shaidar da ta fi kusa ita ce Ed Walsh na Chicago White Sox, wanda ya jefa zango 464 ya ci wasa 40 a 1908, ya ci gaba da ɗaukar irin wannan kaya, hannunsa kuma ya mutu a wannan shekarar ta 1913 ba tare da ya zame a kan kowace ciyawa ba.

Abin da ya sa lamarin Wood ya cancanci nazari fiye da na sauran shi ne yadda alƙaluma suka ɓoye ciwon. A 1913 ya ci 11 aka ci shi 5. A 1914, bayan tiyatar cire masa 'yar hanjin nan da ke kumbura a gefen dama na ciki ta jinkirta fara kakarsa, an doke shi sau 3 ne kawai. A 1915 ya ci 15 aka ci shi 5, kuma matsakaicin makin da aka ci shi, 1.49, shi ne mafi kyau a duk American League. Mai duba waɗannan zai ce majefin yana nan da ƙarfinsa. Gaskiyar tana cikin wani layi na daban, wato yawan zangon da ya iya jefawa: kimanin 145, sannan 113, sannan 157. Kaka uku a haɗe ba su wuce ta 1912 ita kaɗai da wani abin kirki ba. Yana cin wasa da dabara da sanin raunin kowane mai bugu, amma bayan kowane wasa yakan yi kwanaki ba ya iya ɗaga hannu, kuma da ya tsufa ya ba da labarin cewa da hannun hagu yake ɗaukar na dama ya cusa shi cikin aljihun kwat. Boston ta kai World Series a 1915 ta doke Philadelphia Phillies, amma majefin da ya fi kowa kyawun matsakaici a lig bai jefa ko ƙwallo ɗaya a gasar ba.

Likitancin lokacin bai da abin ba shi. Hoton ƙashi yana nuna karaya amma ba ya nuna yagewar jijiya, kuma tiyatar gyaran jijiyar majefi ba ta zo ba sai 1974, lokacin da likita Frank Jobe ya yi wa Tommy John aiki, ita ma a gwiwar hannu ce, wadda ta fi kafaɗa sauƙin gyara har yau. Abin da ake da shi shi ne tausa, man zafi, masu gyaran ƙashin baya, da shawarar a ci gaba da jifa har ciwon ya saki. Wood ya gwada su, har da rataye kansa da hannu a kan sanda don ya miƙe kafaɗar. Masu nazarin tarihin wasan a yau sun fi karkata ga cewa jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin kafaɗa ne suka yage.

Ɓangaren kwantiragi shi ma yana da nasa hannu. A wancan zamani akwai wata ƙa'ida a yarjejeniyar kowane ɗan wasa da take ba ƙungiya ikon riƙe shi shekara bayan shekara, ta sayar da shi ko ta sallame shi, shi kuwa ba shi da ikon neman wata ƙungiyar da kansa. Albashi na shekara guda ne, babu fansho, saboda haka ɗan wasan da ya ce hannunsa yana ciwo yana rage wa kansa kuɗin baɗi ne da bakinsa. Wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa mutane irin Wood suke dawowa kafin su warke. A 1914 da 1915 wata sabuwar lig mai suna Federal League ta yi gogayya da tsofaffin biyu, albashi ya tashi, amma da ta rushe masu ƙungiyoyi suka dawo da wuƙa. Mai Boston, Joseph Lannin, ya nemi zaftare albashin Speaker, da ya ƙi aka tura shi Cleveland a Afrilun 1916. Wood ma ya ƙi amincewa da ragin da aka yi masa, ya zauna a gida duk kakar 1916 babu wasa babu albashi. Ana iya cewa Boston ta ci moriyar ganga ta yar da kwaurenta, ko da yake adalci ya sa a tuna cewa ta riƙe shi kaka uku yana jefa rabin kaya, kuma tana da matasa a hannu, cikinsu har da Babe Ruth wanda ya ci wasa 18 a 1915.

A farkon 1917 Cleveland ta saye shi a kan dala 15,000, da sa bakin Speaker, amininsa kuma abokin ɗakinsa tun Boston. Cinikin ya yi kama da asara, domin a wasa biyar kawai ya yi jifa a wannan kakar kuma bai ci ko ɗaya ba. Abin da ya buɗe masa ƙofa ta biyu shi ne Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya kwashe 'yan wasa zuwa soja da masana'antun yaƙi a 1918, ya bar Cleveland da ƙarancin masu tsaron nesa. Wood tun yana majefi ya iya bugu, sai ya nemi a gwada shi a can, inda jifa ba ta da yawa kuma ba a buƙatar a maimaita ta sau ɗari a yini. Ranar 24 ga Mayu, 1918, a wasan da ya kai zango 19 da New York Yankees, ya buga ƙwallo biyu da suka tsallake shinge, ta biyun ce ta raba gardama da 3 da 2. Ya ƙare kakar yana samun bugu mai kyau a kashi 29.6 cikin ɗari na tsayuwarsa, wanda ya fi na yawancin waɗanda bugu ne sana'arsu tun farko. Da sojoji suka dawo bai rasa gurbi ba. Yana cikin ƙungiyar da ta ci World Series a 1920, shekarar da ƙwallo ta kashe abokin wasansu Ray Chapman, ya kai kashi 36.6 a 1921 lokacin da Speaker, wanda ya zama koci, yake sa shi musamman idan majefin abokan hamayya bahago ne, kuma a 1922 ya buga kusan kowane wasa ya shigo da maki 92. A ƙarshen wannan kakar ya ajiye wasa yana da shekara 33, ya karɓi aikin horar da 'yan besbol a Jami'ar Yale, inda ya zauna har 1942.

Akwai tabo a tarihinsa da bai kamata a tsallake ba. A 1926 tsohon abokin wasansa Dutch Leonard ya miƙa wa hukumar lig wasiƙu biyu, ɗaya daga Ty Cobb na Detroit ɗaya daga Wood, yana zargin cewa su da Speaker sun shirya Cleveland ta bar Detroit ta ci wasan 25 ga Satumba, 1919, lokacin da Cleveland ta riga ta tabbatar da matsayi na biyu, Detroit kuma tana neman na uku da kuɗin da ke tattare da shi. Wasiƙar Wood ta nuna ƙarara cewa an zuba kuɗin caca a kan Detroit kuma shi ne ya raba ribar. Kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya wanke Cobb da Speaker a Janairun 1927 bayan Leonard ya ƙi zuwa su fuskanci juna, bai kuma yanke wa Wood hukunci ba tunda ya riga ya bar manyan lig, Yale ma ta bar shi a kan aikinsa. Caca ruwan dare ce a tsakanin 'yan wasan wancan zamani, amma sa kuɗi a kan faɗuwar ƙungiyar da take biyanka albashi ba ƙaramin abu ba ne a kowane zamani.

Jimillar aikinsa na jifa nasara 117 ce da shan kashi 57, da matsakaicin maki 2.03, wanda yake cikin mafi ƙanƙanta a tarihin manyan lig. Ba a shigar da shi zauren karrama gwarzayen besbol na Cooperstown ba, alhali an shigar da wasu da ciwo ko ajali ya katse: Dean mai nasara 150, Addie Joss mai 160, da Sandy Koufax mai 165. Kowannensu ya yi aƙalla kaka biyar yana ɗaukar cikakken kaya, Wood kuwa biyu ya yi, 1911 da 1912, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi ko da ba a kawo maganar wasiƙar ba. Ɗansa, Joe Wood ƙarami, ya yi wa Boston jifa na ɗan lokaci a 1944. A Janairun 1985 shugaban Yale, A. Bartlett Giamatti, ya ba shi digirin girmamawa, kuma ya rasu ranar 27 ga Yuli na wannan shekarar a West Haven ta jihar Connecticut yana da shekara 95.